Idan Tattalin Arziki ya Ja Baya, Wane Aiki ne ke Fara Tsayawa?

Ana cewa tattalin arziki ya ja baya idan saye da sayarwa sun ragu, kuɗi sun yi wuyar samu, masu ɗaukar ma'aikata kuma sun rage hannu. Amma wannan matsi ba ya faɗa wa kowa rana ɗaya. Akwai sana'ar da ke tsayawa cikin mako guda, akwai wadda ke jurewa watanni, akwai ma wadda ke samun kasuwa. Abin da ya faru a Nijar a shekarun 2023 da 2024 zai nuna muku yadda abin yake tafiya, jaha bayan jaha.

Mene ne ya faru?

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi a ranar 30 ga wannan wata. An rufe iyaka da Najeriya da Benin. Najeriya ta yanke wutar lantarki, alhali kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa a lokacin. Masu ba da tallafi da dama sun dakatar da kuɗinsu. A watan Oktoba gwamnati ta rage kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin 100.

An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, aka buɗe iyakar Najeriya a watan Maris. Gadar Gaya zuwa Benin kuwa ta ci gaba da zama a rufe har cikin shekarar 2025.

Yamai da Gaya: albashi, gini da hanyar Kwatano

Aikin gwamnati da na ƙungiyoyin agaji ya fi yawa a Yamai. Idan kasafin kuɗi ya ragu, ba a cika korar ma'aikacin gwamnati ba. Abin da ake fara dakatarwa shi ne ginin hanya, makaranta da asibiti. Saboda haka magina, leburori, kafintoci da masu buga bulo su ne ke fara zama. Bayansu sai mai tuwon da ke sayar masu da abinci a bakin aiki.

Kafin takunkumi, mafi yawan kayan da Nijar ke shigowa da su daga teku ta tashar Kwatano suke biyowa. Da aka rufe gada, direbobi, yaran mota da ƴan dako na Gaya suka rasa lodi. Kaya suka koma hanyar Lome ta Burkina Faso, wadda ta fi haɗari da tsada. Amma masu kwalekwale sun samu aikin da ba su saba gani ba, domin mutane da ƙananan kaya ta kogi suka riƙa ƙetarewa.

Maraɗi da Damagaram: kasuwar da ke kallon Najeriya

Cinikin waɗannan jahohi biyu a ɗaure yake da Katsina, Daura da Kano. Kafin takunkumi, dabbobi, wake da aya suna tafiya kudu, masara, kayan masarufi da man fetur suna tahowa arewa. Matsi uku ne suka haɗu a nan. Na ɗaya, rufe iyaka. Na biyu, faɗuwar naira: tsakanin Yuni 2023 da Fabrairu 2024 ta rasa fiye da rabin darajarta a gaban dalar Amurka. Mai sayar da rago a kasuwar Najeriya yakan karɓi naira mai yawa, amma idan ya canza ta zuwa sefa sai ya ga ribar ta tsere. Na uku, Najeriya ta janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayu 2023, ribar ƴan ruwa-ruwa ta ragu.

Ɗaukewar wuta ta ƙara wa masu sana'ar hannu nauyi. Mai walda, mai injin niƙa da mai sayar da ƙanƙara suna da masu saye, amma ba su da wutar yin aiki. Wanda ya tada janareta, kuɗin mai ya cinye ribarsa.

Tawa: albasa da cin rani

Albasar Galmi tana zuwa Gana, Kodibuwa, Togo da Benin. Albasa ba ta jiran a buɗe iyaka: idan mota ta yi kwanaki a tsaye, kaya sun ruɓe. Asara takan fara daga ɗan kasuwa, ta sauko kan manomi, ta ƙare kan masu ɗinka buhu da ƴan lodi.

Gidaje da yawa a Adar kuma suna dogara da aiken ƴaƴansu da ke cin rani a Najeriya, Kodibuwa ko Libiya. Idan kuɗin ƙasar da yaro yake aiki suka faɗi, tukunyar gida takan ji, ko da damina ta yi kyau.

Arlit: garin da ke kan aiki ɗaya

Darasin arewa ya riga takunkumi. Ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin COMINAK ya rufe mahaƙar uraniyom ta Akokan, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. Kowane albashi yana ciyar da mahauci, tela da mai gidan haya. Garin da ke rataye da kamfani ɗaya, idan kamfanin ya rufe, kasuwa duka takan girgiza.

Ina mutanen suke zuwa?

A Nijar fiye da mutum 9 cikin 10 na masu aiki ba su da takardar albashi. Wanda ya rasa aiki ba ya zama a gida, domin babu mai biyansa kuɗin zama. Yakan koma gona, ko tebur, ko kabu-kabu, ko haƙar zinariya. Shi ya sa za ku ga kowa yana aiki, amma samu ya ragu.

Ga misalin lissafi. A ce tasha tana da ƴan kabu-kabu 10, fasinja 100 a rana. Kowa zai ɗauki 10. Idan mutum 10 suka ƙaru, fasinja kuma suka ragu zuwa 80, kowa 4 zai ɗauka. Babu wanda aka kora, amma fiye da rabin samun kowa ya tafi.

Me za ku yi?

1. Ku tambayi kanku: kuɗin da nake samu, daga aljihun wa suke fitowa? Ma'aikacin gwamnati ne, ko ɗan kasuwar Najeriya, ko manomin ƙauyenmu? Ta wace hanya kayana ke biyowa? Amsar ita ce za ta nuna maku inda haɗarinku yake.

2. Kada sana'o'in gida duka su rataya da igiya ɗaya. Idan maigida yana fataucin iyaka, ta uwargida ta zama wadda ake saye a unguwa: ƙuli-ƙuli, kiwon kaji, lambun rani. Mutane sukan fasa gini da ɗinkin sabuwar riga, amma ba sa fasa cin abinci.

3. Kafin ku shiga sabuwar sana'a, ku ƙirga masu yin ta a wurin.

4. Ku rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kowane mako. Littafi yakan nuna raguwar ciniki tun jari bai karye ba.

5. Ku shiga asusun ƙungiya tun da sauran hali. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jahar Maraɗi a 1991, yana ba mace rance daga ajiyar ƴan'uwanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyin tattaunawa a aji: Wace sana'a ce ta fara tsayawa a garinku a 2023? Wace ce ta jure? Mene ne ya bambanta su?