Wariya a cikin aji: abin da makarantun Minna za su iya koya daga gwagwarmayar ɗalibai baƙar fata

A ƙarshen watan Fabrairun 2022, lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Ukraine, ran 'yan Najeriya ya ɓaci da rahotannin cewa ana hana ɗalibai 'yan Afirka hawa jiragen ƙasa da motocin da ke kwashe mutane zuwa kan iyaka, ana fifita fararen fata a kansu. Gwamnatin Tarayya ta nuna rashin jin daɗinta, Tarayyar Afirka ma ta fitar da sanarwar yin tir da lamarin. Babu wanda ya jira a yi masa dogon bayani kafin ya gane cewa zalunci ne, domin wariyar da aka yi wa naka a ƙasar wani ba ta da wuyar gani.

Wadda ke da wuyar gani ita ce ta cikin gida. A ajin makarantar firamare a yankin Tagwai, inda madatsar ruwan da ke shayar da Minna take, kusan duk yaran launin fatarsu ɗaya ne, malaminsu ma haka. Amma a irin wannan aji ana iya samun ɗan manomin Gbagyi, da ɗan makiyayi daga ruga, da ɗan Banufe, da ɗan Bahaushe ɗan kasuwa, da yaron da rikici ya koro iyayensa daga Shiroro ko Munya. Tambayar ita ce, shin duk da ido ɗaya ake kallonsu? Ƙasashen da suka daɗe suna fama da wariyar launin fata a makarantu sun tara ilimi mai yawa kan yadda ake karya gwiwar yaro ba tare da an kore shi daga aji ba, kuma hanyoyin da suka gano sun yi kama da abin da ke faruwa a nan ƙwarai.

Abin da aka gano a Amurka da Ingila

A 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa raba makarantun fararen fata da na baƙar fata ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasar. Hukuncin bai shiga aji cikin sauƙi ba. A 1957 sai da shugaba Eisenhower ya tura sojoji kafin ɗalibai tara baƙar fata suka samu shiga wata sakandare a birnin Little Rock. Daga baya an buɗe ƙofofi, amma matsalar ta koma cikin ajin. Alƙaluman da ma'aikatar ilimin ƙasar ta fitar a 2014 sun nuna cewa ana dakatar da ɗalibai baƙar fata ko korarsu daga makaranta ninki uku na yadda ake yi wa fararen fata.

Me ke jawo haka? Wani ɓangare na amsar yana cikin zuciyar malami. A 1968 masu bincike biyu, Robert Rosenthal da Lenore Jacobson, sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a wata firamare a jihar Kalifoniya. Sun ba malamai sunayen wasu yara, suka ce musu waɗannan za su yi fice a bana, alhali kuwa da ƙuri'a aka zaɓo sunayen. A ƙarshen shekara yaran nan, musamman na ƙananan azuzuwa, sun fi takwarorinsu ci gaba. Masana sun yi ta muhawara kan girman wannan tasiri, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna bai kai yadda aka zata da farko ba. Sai dai ya nuna wani abu da ya fi damunmu a nan: zaton malami ya fi tasiri a kan yaran da suka fito daga al'ummar da dama can ake rainawa.

Labarin Ingila ya fi kusa da namu. A 1971 wani malami ɗan asalin tsibirin Grenada mai koyarwa a Landan, Bernard Coard, ya fitar da wani ɗan littafi da ya tona yadda ake tura 'ya'yan baƙin haure daga yankin Karibiyan zuwa makarantun da aka keɓe wa yaran da ake ɗauka masu raunin ƙwaƙwalwa. Da yawa daga cikinsu lafiyarsu ƙalau. Laifinsu shi ne Turancin bakinsu ya bambanta da na malamai da masu yi musu gwaji, sai aka ɗauki bambancin harshe a matsayin ƙarancin basira. Iyaye ba su zauna jiran hukuma ba, suka faɗaɗa makarantun ranar Asabar inda 'yan uwansu ke koya wa yaran karatu da lissafi da tarihin kakanninsu.

Harshe, asali da zargi

Minna tun asali garin Gbagyi ne. Layin dogon Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, shi ya jawo mata Hausawa da Nupawa da Yarbawa da Ibo, sannan zamanta babban birnin Jihar Neja a 1976 ya ƙara tara mata jama'a. Hausa ta zama harshen kasuwa da tasha da filin wasan makaranta. Wannan alheri ne ta fuskoki da dama, amma yana da nasa nauyin, kuma ya kamata masu jin Hausa su fara duba bakinsu. Idan mutum ya yi magana ba a fahimta ba, ko ya karya harshe, sai a ce yana gwaranci. Kalmar daga sunan Gwari ta fito, sunan da Hausawa ke kiran Gbagyi da shi. Babba na iya jin kalmar ya yi dariya ya wuce. Yaro ɗan shekara bakwai da ya ɗaga hannu a karon farko, ya ba da amsa daidai da karyayyar Hausa, aji ya fashe da dariya, malami kuma bai tsawata ba, da wuya ya sake ɗaga hannun.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi yawa a yankinsa. A gari irin Minna, zaɓi na biyu ya kasance yana nufin Hausa. Ke nan yaron da ya tashi da Gbagyi ko Fulatanci ko Kambarci yana fama da baƙin harsuna biyu a lokaci guda, Hausa da Turanci, yayin da na kusa da shi ke fama da ɗaya. In aka yi jarrabawa aka jera sakamako, babu abin da zai nuna wannan bambanci a takarda, sai dai a ce wane daƙiƙi ne. Gwajin shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci, ya nuna cewa farawa da harshen gida ba ya hana yaro iya Turanci.

Na biyu shi ne batun asali. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko garin asalinsa ko jinsinsa ko addininsa. Duk da haka, a yawancin jami'o'i da kwalejojin jihohi kuɗin makarantar ɗan asalin jiha daban, na wanda ba ɗan asali ba daban, kuma tallafin karatu ba ya samuwa sai da takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma. Yaron da aka haifa a Kpakungu ko Limawa, wanda aikin jirgin ƙasa ne ya kawo kakansa, yana iya rasa takardar a nan, ya kuma rasa ta a garin kakan nasa inda ba a san shi ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta yi cikakken rahoto kan wannan a 2006, inda ta duba jihohi irin su Filato da Kaduna. Ba matsalar jiha ɗaya ba ce: ɗan Neja da ya girma a wata jiha irin wannan ƙofar ake rufe masa.

Na uku sabo ne, kuma ya fi zafi. Ranar 17 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai da ma'aikata a Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara, a ƙarshen Mayun shekarar kuma suka kwashe yara fiye da ɗari daga wata Islamiyya a Tegina. Tsoro da fushin jama'a abin fahimta ne. Amma idan fushin ya sauka kan ɗan makiyayi da ke zaune a aji uku, ana yi masa laƙabi da aikin da bai aikata ba, in an sace biro shi ake fara caje wa jaka, to an kori yaron da makaranta ta fi bukatar ta riƙe. An kafa Hukumar Kula da Ilimin Makiyaya ta Ƙasa a 1989, da hedikwata a Kaduna, daidai domin a jawo irin waɗannan yara zuwa aji. Shawo kan uba ya bar ɗansa ya bar kiwo da safe aiki ne na shekaru. Kalma ɗaya ta wulakanci na iya rushe shi.

Akwai ma inda launin fatar kansa ke shiga: yara zabiya, waɗanda ke shan tsokana, kuma yawancinsu ba sa ganin allo da kyau daga nesa. Sau tari matsar da su zuwa layin gaba kaɗai ya isa ya sauya sakamakonsu.

Abin da ya yi aiki

Daga cikin binciken da ya fi ƙarfi a Amurka akwai na Seth Gershenson da abokan aikinsa, waɗanda suka bi diddigin ɗalibai a jihohin Tennessee da North Carolina. Sun gano cewa yaro baƙar fata da ya samu ko da malami ɗaya baƙar fata a firamare ya fi yiwuwar kammala sakandare da neman zuwa gaba. Ba wani sirri ba ne. Yaron ya ga wani irinsa a gaban allo, malamin kuma bai shigo da zaton cewa yaron ba zai iya ba. Fassarar wannan a Neja a fili take: a ɗauki malamai masu jin Gbagyi da Fulatanci da Nupanci da sauran harsunan jihar, a kuma tura su inda harshensu ke da amfani, musamman azuzuwan ɗaya zuwa uku. Kwalejin Ilimi ta Jihar Neja tana nan Minna, ɗaliban da za su cike wannan giɓi suna ƙauyukan da ke kewaye da ita. Abin da ya rage shi ne hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ta riƙa la'akari da harshe wajen rarraba malamai.

Wannan ba ya nufin sai ɗan ƙabilar yaro ne zai iya koyar da shi. Malamin da ya koyi gaisuwa da ƙidaya a harshen ɗalibansa, ya kira kowa da sunansa na yanka maimakon sunan ƙabilarsa, ya kuma hana dariya idan wani ya karya harshe, ya riga ya yi rabin aikin.

Abu na gaba ba ya cin kuɗi, sai dai yana bukatar gaskiya. Amurkawa ba su san girman bambancin horo a makarantunsu ba sai da suka fara ƙirgawa. Shugaban makaranta a Chanchaga ko Bosso na iya ɗaukar rajistar zango guda ya duba: su wa aka fi yi wa bulala, su wa ke zama a bayan aji, su wa ake naɗawa shugabannin ɗalibai, su wa suka daina zuwa bayan aji huɗu, kuma daga wace unguwa ko ruga suke. In sunayen sun taru a gefe guda, akwai abin dubawa, ko da babu malamin da ya yi niyyar cutar da kowa. Haka nan kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai. Idan duk mambobinsu daga ɓangare ɗaya suke, ko kuma da harshen da wasu iyaye ba sa ji ake taro, to koken waɗancan iyaye ba zai taɓa isa teburi ba. Kujera ɗaya ga arɗo, ɗaya ga mai unguwar Gbagyi, ɗaya ga wata uwa daga cikin 'yan gudun hijira, ba za ta rage wa kowa komai ba.

A matakin ƙasa, Najeriya ta daɗe da yarda cewa daidaito ba ya zuwa da kansa. Saboda haka aka faɗaɗa makarantun haɗin kai na Gwamnatin Tarayya bayan yaƙin basasa, ɗaya daga cikinsu tana Minna. Saboda haka kuma tsarin shiga jami'o'in tarayya ya ware kashi 20 cikin 100 na gurabe ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, Neja na cikinsu. Ana muhawara kan adalcin wannan tsari, kamar yadda aka yi a Amurka har Kotun Ƙolinta ta soke la'akari da launin fata wajen shiga jami'a a 2023. Amma jihar da ke cin moriyar irin wannan rangwame a Abuja, ya dace ta tambayi kanta su wa aka bari a baya a cikin ƙananan hukumominta 25. Gurbin jami'a ba ya amfanar yaron da ya bar makaranta tun yana aji huɗu.

Ga iyayen da suka lura ɗansu ya fara ƙin zuwa makaranta ko ya daina magana a aji, matakin farko shi ne a zauna da shi a tambaye shi da wane suna ake kiransa a can. Daga nan sai malamin aji, sai shugaban makaranta, sai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, kuma yana da kyau a rubuta koken a ajiye kwafi. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta haramta nuna wa yaro bambanci saboda asalinsa ko ƙabilarsa. In an bi waɗannan matakai abin bai gyaru ba, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a suna da ofisoshi a jihohi, kuma ba a biyan kuɗi kafin su karɓi ƙorafi.