Kwana Uku a Bibury

Shekara goma sha ɗaya da aurenmu, amma ban iya tuna ranar da muka wuni mu biyu kaɗai ni da uwargida ba. A Kano gidanmu ba ya rabuwa da jama'a, da muka dawo Landan kuma aiki da hidimar yara suka cinye lokacin. Da ƙanwarta ta ce a bar mata yaran kwana uku, ban tsaya wata-wata ba na kama mana hayar ɗan gida a Bibury, wani ƙauye a gundumar Gloucestershire, cikin yankin tuddan da ake kira Cotswolds.

Jirgin ƙasa muka hau daga tashar Paddington zuwa Kemble, daga nan tasi ta ratsa da mu ta garin Cirencester, ta ƙara kamar kilomita goma. Mun isa da la'asar sakaliya, a watan Oktoba, ganyen itatuwa ya fara ja yana kakkaɓewa. Babu wanda ya tarbe mu. Makullin yana cikin wani ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi a jikin bango, lambar kuwa an turo mini ta waya. Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama har sau biyu, don jikinta bai ba ta shiga gidan mutane haka kawai ba, ba sannu da zuwa, ba ruwan sha.

Gidan na dutse ne, mai launin zuma, irin dutsen da ake haƙa a yankin. Rufin ma fallayen dutse ne, gansakuka ta kama su. Ƙofar gajera ce, sai an sunkuya, kamar ta tsofaffin soraye. Kaurin bangon ya kai kamu guda, tagogin ƙanana, matakalar hawa sama matsattsiya, tana ƙara duk inda aka taka. A falo akwai murhun ƙarfe da kwandon itace a gefensa. Na yi ta fama da wutar tana mutuwa, sai ta ce, "Maigida, matsa ka gani." Cikin minti biyu ta kama, har tana ba ni labarin yadda take hura wa kakarta wutar ɗumame a lokacin hunturu. Shekara goma sha ɗaya, ban taɓa jin wannan labarin ba sai a daren.

Abin da ya fito da sunan Bibury shi ne wani jerin gidaje da ake kira Arlington Row. An gina shi wajajen 1380 a matsayin ma'ajiyar gashin tumaki ta 'yan zuhudun Kirista, a zamanin da ulu ne arzikin Ingila, kuma na Cotswolds yana cikin wanda fatake daga nahiyar Turai suka fi nema. A ƙarni na 17 aka rarraba ginin ya zama gidajen masaƙa. Abin da suka saƙa a kai shi injin ruwa na Arlington a wanke masa maiƙo, sannan a shanya a wata fadama da ke gaban gidajen, wadda har yau ake kira Rack Isle saboda sandunan shanyar. Yanzu ciyawa ce da tsuntsayen ruwa a wurin. Ƙungiyar National Trust, wadda aka kafa a 1895 don adana wuraren tarihi, ita ke riƙe da gidajen. Mutane na zaune a cikinsu, ɗaya kuma ana ba da shi haya ga masu hutu. Hotonsu ya taɓa shiga cikin bangon fasfon Birtaniya, kuma William Morris, mai zane kuma marubuci na ƙarni na 19, ya ce duk Ingila ba ƙauyen da ya kai wannan kyau.

Na daɗe tsaye a gaban waɗannan gidaje. Ɗakunan talakawa ne masu cin guminsu, ƙanana, masu duhu, masu sanyi. Ba don ado aka gina su ba. Abin da ya mai da su abin kallo shi ne ba a rushe su ba, kuma duk dutsen da ya faɗi da irinsa ake mayarwa. Na tuna gidajen ƙasa na cikin birnin Kano da muka buɗe ido muka gani, da zankwayensu da zanen ƙofarsu, yadda ake ta baje su ana kafa bulo. Abin ya tsaya mini a rai.

Sai dai wanda ya zo da rana tsaka ba zai ga abin da nake faɗa ba. Daga hantsi manyan motocin 'yan yawon buɗe ido ke fara sauke mutane, daga Japan, daga Sin, daga Amurka, a ƙauyen da mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne. Hanya ta cushe, kowa waya a hannu, wasu har leƙen tagogin mutane suke yi, duk da allunan da ke roƙon kada a shiga. Akwai kuma wani ciwon da ba ya fitowa a hoto: yawan mai da gidaje na haya ga baƙi irinmu na cikin abin da ya sa kuɗin gida ya yi tsada a yankin, har 'ya'yan ƙauyukan ba sa iya zama inda aka haife su. Ina ganin duk wanda ya kwana a irin wannan gida ya kamata ya san da haka.

Mu kam bayan sallar asuba muke fita. A lokacin hazo na kwance a kan kogin Coln, ruwan garai-garai, ana hango kifi yana tsaye cik yana fuskantar inda ruwa ke zuwa. Ba kowa sai agwagi da wata dattijuwa da karenta, wadda kullum sai ta ɗaga mana hannu. Rana ta biyu muka bi wata 'yar hanyar ƙafa da ke gefen kogin zuwa ƙauyen Coln St Aldwyns. Irin waɗannan hanyoyi ta cikin gonakin mutane suke ratsawa, doka ce ta ba kowa damar bi, kamar burtali, sharaɗin dai ka rufe ƙofar shinge in ka wuce don kada tumaki su fita. Shingayen duwatsu ne aka jera ba siminti ba laka, ga su nan tsaye shekara da shekaru. Mun yi tafiya mai nisa ba mu ce uffan ba, sannan hira ta ɓalle, ta iyayenmu, ta makarantar yara, ta ko za mu koma gida da yaushe. Maganar da muka yi shekara biyu muna ɗagawa, a kan wannan hanya muka gama ta.

Batun abinci bai ba mu wahala ba. Akwai gonar kifi a tsakiyar ƙauyen tun 1902, inda ake kiwon kifin da suke kira trout. Muka sayi biyu, ita kuwa dama ta zo da yajinta da daddawarta a jaka. Ƙamshi ya cika ɗan gidan, muka ci a gaban murhu, a faranti ɗaya. Masallaci babu a kusa, sai an je Swindon ko Gloucester, don haka a falo muka shimfiɗa darduma, waya ta nuna mana alƙibla ta kudu maso gabas. Ƙarfe shida da 'yan mintoci rana ta faɗi, motocin sun tafi, ba ka jin komai sai gudun ruwa.

Ga 'yan'uwa mazauna Ingila da ke tunanin irin wannan tafiya da iyalinsu: ku zo a tsakiyar mako, ku kwana ko da dare biyu ne, ku taho da takalmin da zai jure taɓo da rigar sanyi mai kauri. Ku fita da sassafe kafin motoci su iso. In kun zo gaban Arlington Row, ku tsaya daga kan hanya, domin akwai mutane a cikin gidajen.