Ƙofofin Ganyen Kaɗa da Sukarin da ke Cikinsa

Ya kai manomi, ka taɓa shafa ganyen kaɗa wanda darɓa ta kama, ka ji yana danƙo a hannu? Wannan danƙo sukari ne. Ƙananan ƙwari ne suka tsotso shi daga cikin ganye suka zubar. To, ka ga ashe ganye yana yin sukari. Da shi kaɗa ke yin fure, da shi take cika 'ya'ya, har farar kaɗar da kake kaiwa awo daga gare shi ta fito.

Ganye ba ya iya wannan aiki sai da rana da ruwa da iska. Iskar tana shiga ta waɗansu ƙofofi ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Sun fi yawa a bayan ganye. Kowace ƙofa tana da leɓɓa biyu. In leɓɓan suka sha ruwa suka kumbura, sai su lanƙwashe, ƙofa ta buɗe. In suka saki ruwan, sai ta rufe. Amma ta nan kuma ruwan shuka ke fita, kamar zufa.

Da safe fotash ne ke jawo ruwa cikin leɓɓan, wato sinadarin nan na cikin toka, wanda aka rubuta K a buhun taki. A 1996 masu bincike a Amurka suka duba ganyen wani irin wake, suka ga da rana ta yi tsaka fotash yana raguwa, sukari ya karɓi aikin riƙe ƙofa a buɗe.

Ga abin mamaki kuma. A 2013 waɗansu a Isra'ila suka gwada da tumatir, suka ga in sukari ya taru ya yi yawa a bakin ƙofa, rufewa take yi. Kamar mai rumbu ne: rumbu ya cika, ba inda za a zuba, sai ya ce a dakata da kawo dami.

Rumbun ganye kuwa 'ya'yan kaɗa ne. In tsutsa ta cinye su, ko fure ya kakkaɓe, sukari ya rasa wurin zuwa, aikin ganye ya ja baya. Shi ya sa ba na jin daɗin gona mai ganye kore shar, tsayi har kafaɗa, ba 'ya'ya. Kada ka tsallake ranar feshi.

Ƙishirwa ma tana rufe ƙofofin, ko da rana tana nan. Ciyawa tana shanye ruwan kaɗarka, saboda haka ka yi noma da maimai a kan kari. Ka shiga gona da hantsi ka duba. In ganye ya yi yaushi da azahar kaɗai, ya farfaɗo da marece, da sauƙi. In tun da safe ya langaɓe, ka zo ka faɗa mini mu je mu gani tare.