Kaza Ba Ta Da Haƙori, To Da Me Take Tauna?

Yau tambaya ɗaya na zo mana da ita: kaza ba ta da haƙori ko ɗaya, amma tana haɗiye masara ƙwaya-ƙwaya ta narke a cikinta. Ta yaya? Na ɗauko batun ne saboda matasa da yawa sun shiga kiwon kaji, kuma wanda bai san cikin abin da yake kiwo ba, kuɗinsa ne ke cikin haɗari.

Mu bi ƙwayar masarar nan mataki-mataki. Kaza ta tsince ta, ta haɗiye. Zangon farko wata 'yar jaka ce a gindin wuya, wadda in ka shafa da yamma za ka ji ta cike tam. Nan rumbu ne, abinci na jiƙa ya yi laushi. Daga nan sai wani ƙaramin ciki da ke zuba masa asid da sinadaran narkarwa. Sannan ya faɗa ƙundu.

To ƙundun nan da muke rububi a miya, shi ne haƙorin kaza. Tsoka ce mai ƙarfin gaske da ke matsewa tana saki. Tsakuwar da kuke gani in an tsaga shi kuwa, da gangan kaza ta haɗiye ta, ita ce dutsen niƙanta. Fatar nan ruwan ɗorawa da ake ɓarewa, ita ke kare tsokar daga gurzuwa. Bayan niƙa sai hanji, inda ruwan matsarmama ke taimakawa wajen narkar da mai, jiki kuma ya tsotse amfanin.

Duk wannan tafiyar cikin 'yan sa'o'i take ƙarewa. Dalili? Zafin jikin kaza ya kai wajen digiri 41, na ɗan Adam kuwa 37. Injin da ke da zafi haka yana shan mai da sauri. Shi ya sa kullum take cikin tone-tone.

Yanzu mu leƙa wajen masu jan ciki, don su akasin haka suke. Ƙadangare, maciji da kada, zafin jikinsu daga waje suke samo shi. Jan gwadan da kuke gani kwance kan katanga da hantsi ba lalaci yake ba, in jikinsa bai ɗumama ba cikinsa ba zai yi aiki sosai ba.

Kada na da haƙora cike da baki, amma na kamu ne da yaga, ba ya tauna. Gunduwa-gunduwa yake haɗiyewa, asid ɗin cikinsa ya narkar har da ƙashi. Shi ma akan samu duwatsu a cikinsa. Mesa kuwa ɗungurungum take haɗiye abin da ta kama, domin muƙamuƙinta na ƙasa gida biyu ne, jijiya mai talewa ta haɗa su. Takan yi kwanaki tana narkarwa, sannan ta yi makonni ko watanni ba ta ci ba. A lokacin nan hanjinta kan motse, in ta sake cin abinci ya sake girma cikin kwana ɗaya zuwa biyu. In sanyi ya yi mata yawa ko aka dame ta bayan ta ci, amayar da shi take yi.

Amma akwai inda tsuntsu da mai jan ciki suka haɗu: ƙofa ɗaya gare su ta baya. Kashi, fitsari da ƙwai duk ta nan suke fita. Kaza ba ta da mafitsara. Farin nan da ke kan kashinta, da wanda ke jikin kashin ƙadangare, shi ne fitsarinsu, a daskare yake fita don kada su yi asarar ruwa.

To mai kiwo, me ka ƙaru da shi?

Na ɗaya, kazar gida mai yawo tana tsintar tsakuwarta da kanta. Wadda ka kulle a keji kana zuba mata gero ko dawa tsaba, in ba ka sa mata ƙananan tsakuwa ba, hatsin ba zai niƙu sosai ba, wani ma ya fita yadda ya shiga. Ka biya kuɗi, ƙasa ta ci. Abincin kamfani da aka riga aka niƙa bai cika buƙatar hakan ba.

Na biyu, kaza ba ta tantance abin da take haɗiya. Ƙusa ko guntun waya na iya huda ƙundu lokacin da yake matsewa, leda da zare kuma su toshe hanya. A share wurin kiwo.

Na uku, shafa jakar wuyan nan da sassafe kafin a ba su abinci. Ya kamata ka ji ta wayam. In ta kwana a cike, da tauri ko bakin na warin tsami, akwai matsala.

Na huɗu, duba kashi. Fari a sama lafiya ce. Wani mai laushi ruwan ƙasa da ke fitowa jefi-jefi shi ma ba komai. Amma jini, musamman a 'yan tsaki, ko zawo kore ga kaji sun yi sanyi, kar ka tsaya gwada magani, nemi likitan dabbobi a ranar.

Nan zan tsaya. Masu kiwo a cikinmu, ku faɗa mana abin da kuka taɓa tararwa a cikin ƙundu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.