BABI NA UKU: TAKADDAMAR RUFAFFIYAR MANHAJA DA BUƊAƊƊIYA DA YADDA TA SHAFI KARKARAR AREWACIN KANO

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi wata daɗaɗɗiyar takaddama da ke tsakanin masu ƙirƙirar manhajar kwamfuta, wato tsakanin kamfanonin da ke rufe manhajarsu suna sayar da izinin amfani da ita, da masu ra'ayin a bar ta a buɗe ga kowa. Za a fara da bayyana ma'anar kashe-kashen biyu da asalin saɓaninsu. Daga nan za a kawo yadda takaddamar ta iso Nijeriya a shekarar 2007, da yadda ta shafi rubutun Hausa. A ƙarshe za a nuna inda mutumin karkara ke cin karo da ita a ƙananan hukumomin Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Minjibir da Dawakin Tofa da makwabtansu.

3.1 Ma'anar Rufaffiyar Manhaja da Buɗaɗɗiya

Manhaja ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta domin ta san aikin da za ta yi. Masani yakan rubuta umarnin cikin sigar da ɗan'uwansa masani zai iya karantawa, sannan a juya shi zuwa sigar da na'ura kaɗai ke ganewa. Wannan siga ta farko ita ce a wannan nazari ake kira tushen rubutu, kuma a kanta ne duk rigimar take.

Rufaffiyar manhaja ita ce wadda mai ita ya ɓoye tushen rubutunta. Abin da mai saye ke samu shi ne lasisi, wato izinin amfani bisa sharuɗɗa, ba shi da ikon gyara ta ko ya kwafa wa wani. Misalanta su ne Windows da Microsoft Office da CorelDRAW. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda aka bayyana tushen rubutunta, aka kuma yarje wa kowa abubuwa huɗu: ya yi amfani da ita, ya nazarce ta, ya gyara ta, ya kuma raba wa wanda ya so. Misalanta su ne Linux da Firefox da LibreOffice.

Za a fi fahimtar wannan bambanci idan aka kwatanta shi da sha'anin iri. Manomin gero yakan zaɓi zangarniyoyi masu kyau ya ajiye su a matsayin irin baɗi. Yana iya ɗibar wa makwabci, makwabcin ma ya zaɓa ya ajiye, har irin ya saba da ƙasar wurin. Amma irin masara mai aure da kamfanoni ke sayarwa, sai an koma an sake saye kowace damina, domin idan aka shuka abin da aka girbe daga gare shi amfanin yakan ja baya. Kowanne iri yana da ranarsa, sai dai na farko yana hannun manomi, na biyu kuwa yana hannun kamfani. Ya kamata a lura a nan cewa buɗewa ba ta nufin komai kyauta ne, domin girka manhajar da koyar da ita da gyaranta duk aiki ne da ake biyan lada a kansa.

3.2 Asalin Takaddamar

A farkon zamanin kwamfuta, masana a jami'o'in Amurka sun saba musayar manhaja a tsakaninsu ba tare da kuɗi ba. Abin ya fara sauyawa da manhaja ta zama hajar sayarwa. A shekarar 1976 Bill Gates, wanda suka kafa kamfanin Microsoft tare da Paul Allen a 1975, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa inda ya zargi masu kwafar manhajarsa ba tare da biya ba da sata. Hujjarsa ita ce, idan ba a biya marubuci ba, babu wanda zai ɓata lokacinsa ya rubuta manhaja mai inganci.

A ɗaya ɓangaren kuma, Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a 1983, ya kuma fitar da lasisin GPL a 1989. Hikimar wannan lasisi ita ce, duk wanda ya gyara manhajar ya kuma raba ta, tilas ne ya bayyana gyaran nasa. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya rubuta ƙashin bayan Linux ya saka a intanet, masana daga ƙasashe daban-daban suka yi masa taron dangi. Aikin ya yi kama da gayya, inda kowa ke zuwa da fartanyarsa, sai dai a nan amfanin gonar na kowa ne. Da Linux ta yi ƙarfi sai gaba ta tsananta, har a 2001 shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya kwatanta ta da ciwon daji.

3.3 Isowar Takaddamar Nijeriya

Makarantun Nijeriya sun zama fagen wannan kokawa a shekarar 2007. Tun a 2005 Nicholas Negroponte na cibiyar MIT ya sanar da shirin OLPC, wanda burinsa shi ne a ƙera wa yaran ƙasashe masu tasowa kwamfuta a kan dala 100. Kwamfutar, mai suna XO, tana aiki da Linux, an kuma ƙera ta yadda za ta jure ƙura da ƙarancin lantarki. An gwada ta a wata makarantar firamare da ke Galadima a Abuja a 2007. Kamfanin Intel kuwa ya fito da kishiyarta mai suna Classmate, wadda aka gwada a wata ƙaramar sakandare da ke Jabi, ita ma a Abuja. Intel ya shiga hukumar OLPC a watan Yuli na 2007, amma zaman bai yi daɗi ba, ya fice a watan Janairu na 2008.

A cikin wannan hali ne aka ƙulla cinikin kwamfutocin Classmate guda 17,000 domin makarantun Nijeriya, waɗanda aka shirya za su zo da manhajar Linux ta kamfanin Mandriva na ƙasar Faransa. A ranar 31 ga watan Oktoba, 2007, shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa Ballmer buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kukan cewa an sanar da shi za a goge manhajarsu a maye gurbinta da Windows bayan an karɓi kayan. Microsoft ya musanta aikata ba daidai ba. Daga bisani asusun USPF, wanda ke biyan kuɗin 11,000 daga cikin kwamfutocin, ya bayyana cewa zai ci gaba da amfani da Mandriva.

A ƙarshen wannan shekara kuma, kamfanin Lancor ya kai OLPC ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, yana neman diyyar dala miliyan 20, bisa zargin an kwaikwayi allon madannansa mai suna Konyin, wanda aka tsara domin buga haruffan harsunan Nijeriya. Kwamfuta miliyan ɗaya da aka yi ta maganar Nijeriya za ta saya daga OLPC ba a saye su ba, shi kuma Mandriva ya durƙushe a 2015.

Abin lura a nan shi ne, abin da kamfanonin ke nema ya wuce ribar cinikin rana ɗaya. Yaron da ya buɗe ido da wata manhaja, da ita zai saba, ita zai nema idan ya kama aiki, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka kuma, an yi duk wannan ja-in-ja ne a Abuja da Legas da ƙasashen waje, alhali matsalolin da ke yanke hukunci a makarantar ƙauye, wato lantarki da malami da mai gyara, ba su sami irin wannan kulawa ba.

3.4 Haruffa Masu Ƙugiya

Ga mai nazarin Hausa, inda takaddamar ta fi taɓa shi shi ne wajen haruffan ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka shigar cikin rubutun boko tun shekarun 1930. Rashin ƙugiya yana sauya ma'ana, kamar yadda ake gani a tsakanin bari da ɓari, ko kafa da ƙafa, ko daki da ɗaki. A zamanin tafireta, bayan an gama buga kundi sai a bi shi da biro ana ɗora wa haruffa ƙugiya. Kwamfutocin farko ma ba su zo da waɗannan haruffa ba, kuma mai amfani da rufaffiyar manhaja ba shi da abin yi illa ya jira kamfani ya ga dama.

A cikin shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro samfurorin haruffa masu ƙugiya, irin su Rabi'at, waɗanda suka sauƙaƙa wa marubuta da maɗaba'u aiki ƙwarai. Sai dai samfurorin wancan zamani suna da iyaka, domin sukan ari gurbin wasu alamomi ne su ɗora haruffan Hausa a kai, saboda haka idan aka buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da samfurin sai ya rikiɗe. Maganin dindindin ya zo ne daga tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, inda aka ba kowane harafi lambarsa ta kansa. Tsari ne da kowa ke da damar bi, kuma da kamfanoni da masu buɗaɗɗiyar manhaja suka karɓe shi sai ƙugiya ta daina ɓata a hanya. Shi ma Microsoft ya fitar da fassarar Hausa ta fuskar Windows tun zamanin Vista. Bambancin da ya rage shi ne, a aikin gayya irin Wikipedia ta Hausa, duk Bahaushen da ya ga kuskure yana iya gyarawa da kansa.

3.5 Karkarar Arewacin Kano

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarinta a shekarun 1960, ya nuna cewa gonakin ƙanana ne, ana noma su kowace shekara ba hutu, ana riƙe ƙarfinsu da taki, sannan magidanta na haɗa noma da kiwo da sana'a da cin rani. Mutanen da suka saba da irin wannan tattali ba sa yar da abin da zai gyaru. Ta hanyoyi uku manhaja ke shiga rayuwarsu.

Hanya ta farko ita ce wayar hannu. Tun da aka fara salula a Nijeriya a 2001, waya ta riga kwamfuta isa ƙauye. Manyan wayoyi masu araha irin su Tecno da itel da Infinix suna aiki ne da Android, wadda aka gina a kan Linux. Buɗewar Android ce ta ba kamfanoni da yawa damar ƙera waya ba tare da kowanne ya rubuta babbar manhaja daga tushe ba, wanda hakan ya taimaka wajen sauko da farashi. Ke nan manomin da ke tambayar farashin hatsi a kasuwar Dawanau ta waya yana cin gajiyar Linux ko da bai taɓa jin sunanta ba. Amma buɗewar ba cikakkiya ba ce, domin rumbun manhajoji da taswira da sauran hidimomin Google rufaffu ne. An ga haka a 2019 lokacin da takunkumin gwamnatin Amurka ya hana sababbin wayoyin Huawei samun waɗannan hidimomi.

Hanya ta biyu ita ce kiwon lafiya. A yaƙin da aka yi da cutar shan-inna, ma'aikata sun yi amfani da buɗaɗɗiyar manhajar ODK, wadda ke ba da damar cike fom a waya ko babu sabis, sai an iso inda yake a tura. Haka nan alƙaluman wata-wata na asibitocin karkara ana tattara su ne a DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagorantar raya ta. Da a ce kowace waya sai an biya mata lasisi, da kuɗin aikin ya ƙaru matuƙa. Kano ta ga mai ɗauke da asalin ƙwayar cutar na ƙarshe a 2014, aka kuma ayyana Afirka ta kuɓuta daga gare ta a 2020. Manhaja ɗaya ce daga cikin kayan aikin da suka taimaka.

Hanya ta uku ita ce makarantu da shagunan buga takardu. A nan Windows ce ke da rinjaye, domin ita malamai da masu gyara suka koya, kuma sau da yawa kwafi ne marar lasisi. Galibin kwamfutocin gwanjo ne. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a watan Janairu na 2020, ya kuma kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 a watan Oktoba na 2025, alhali Windows 11 ba ta karɓar tsofaffin na'urori da dama. Akwai nau'o'in Linux marasa nauyi da ke iya tsawaita rayuwar irin waɗannan na'urori. Muhimmancin wannan ya fito fili tun 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, domin ɗalibin da bai taɓa taɓa madannai ba an riga an bar shi a baya tun kafin a fara. Duk da haka, buɗaɗɗiyar manhaja ba za ta yi amfani ba idan babu wanda ya iya ta a kusa. Saboda haka cibiyoyi irin su Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, inda ake horar da malamai, su ne mabuɗin al'amarin.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar rufaffiyar manhaja da buɗaɗɗiya, an kawo asalin saɓaninsu da yadda ya bayyana a Nijeriya a 2007. An ga cewa gabar ta lafa a sama, domin Microsoft da kansa ya shiga Gidauniyar Linux a 2016, ya kuma sayi GitHub a 2018. An kuma nuna cewa buɗaɗɗiyar manhaja ta yi nasara a waya da aikin lafiya, inda akwai kamfani ko hukuma da ke ɗaukar nauyin kula da ita, amma ba ta yi tasiri ba a makarantu, inda babu horarrun masu gyara. Babi na gaba zai dubi kalmomin da Hausawan wannan yanki suka ƙirƙiro ko suka ara wajen magana a kan waya da kwamfuta.