Naɗar Hirar Likita da Majiyyaci: Matsalar Izini da Sirri a Binciken Harshe

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarun 1960, lokacin da Harvey Sacks ya nazarci maganganun masu buga waya zuwa wata cibiyar hana kashe kai a Amurka, masana harshe suka karkata ga naɗar magana yadda take fitowa daga bakin masu ita. Ɗakin ganin likita yana daga cikin wuraren da suka fi jan hankalinsu. Wannan maƙala za ta duba abin da ya wajaba a kan mai bincike kafin ya kunna rikoda a irin wannan wuri.

2.0 Izini

Labov ya nuna a 1972 cewa manazarci yana son jin yadda mutane suke magana idan ba a sa musu ido ba, alhali kuwa ba zai ji ba sai ya sa musu ido. Wannan ne kan jawo sha'awar naɗa a ɓoye. Sai dai sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta fayyace cewa yin shiru ba amincewa ba ne.

A ƙasar Hausa matsalar ta wuce shiru. Kalmar "to" tana iya nufin yarda, tana iya nufin "na ji" kurum. Majiyyaciyar da aka tambaya a gaban likita ko mijinta takan ce "to" saboda kunya, ko don tsoron kada a ƙi duba ta. Saboda haka ya kamata a nemi izini kafin a shiga ɗakin, cikin harshenta, a bayyana mata waɗanda za su saurari muryarta, da cewa ƙin yarda ba zai taɓa maganinta ba. Bayan an fito a sake tambayarta, domin sai a sannan ta san abin da ta faɗa. Shi ma likitan izininsa wajibi ne.

3.0 Sirri

Sauya suna kaɗai ba ya wadatarwa. Murya da karin harshe, kamar Sakkwatanci ko Gudduranci, da sunan unguwa, da sunayen 'ya'ya, duk suna iya tona mai magana. Dole a sakaya su yayin juyar da magana zuwa rubutu, a kuma killace muryar da aka naɗa, kada a kunna ta a taron ƙara wa juna ilimi sai da izini na musamman.

4.0 Kammalawa

An ga cewa izini ba ya tabbata sai mai bayar da shi yana da sararin cewa a'a. Magana zarar bunu ce. Wadda aka naɗa kuwa amana ce a hannun mai bincike.