Dariyar da aka yi wa Ali, da bashin da Zalika ta biya

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Damargu, ga kaka ta zo. Daga Tanut zuwa Balbeji, daga Gangara zuwa Tenhiya, hatsi ya shiga rumbu, bisashe sun yi ƙiba. Samarin da suka tafi biɗa Libiya da Aljeriya da Najeriya, wasu sun aiko, wasu sun komo. Kowa ya san abin da ke biyo bayan wannan: ɗaurin aure. Da dare kuma, in an gama cin tuwo, sai a taru wajen mai cajin salula, ko a kewaye waya guda, ana kallon wasannin Kano. Wasan da ya fi tara jama'a shi ne na faɗan miji da mata. Uwargida ta ɗauko muciya, amarya ta ɗauko taɓarya, maigida ya tsallake danga ba hula. Yaro da babba kowa na riƙe da ciki.

Wannan dariya ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Tun kafin Kano ta fara finafinan bidiyo a 1990, ƴan Nijar sun riga sun sa rigimar aure cikin silima, har sun ciyo kyauta da ita a ƙasar waje. Labarin ya kamata mutanen karkara su san shi, don akwai abin dubawa a ciki.

A shekarar 1972 Moustapha Alassane ya fito da wani fim na ban dariya mai suna F.V.V.A. Haruffan nan huɗu farkon kalmomi huɗu ne na Faransanci: mace, gidan ƙasaita, mota, kuɗi. A lokacin, in an ce mutum ya haɗa waɗannan huɗu a Yamai, to ya isa. Moustapha ba ɗan wani babban kamfani ba ne. An haife shi a 1942 a N'Dougou, ya fara da zane da kanikanci, ya koyi aikin silima kusa da Jean Rouch a Yamai, ya ƙaro sani a Kanada. Fim ɗinsa na 1962, Aouré, shi ma a kan aure ya yi shi. F.V.V.A. shi ne dogon fim ɗinsa na farko, kuma ya haɗa ƴan wasan Nijar da na ƙasar da muke kira Burkina Faso yau.

Ga yadda labarin yake. Ali ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne, yana zamansa cikin birni, albashinsa na isarsa. Sai iyayensa suka ɗaura masa aure da matar da ba shi ya zaɓa ba. Daga nan idonsa ya buɗe. Ya ƙara aure, yana son gida irin na manya, yana son mota. Albashi bai ƙaru ba, buƙata ta ƙaru. Sai ya sa hannu cikin kuɗin da ba nasa ba. Aka kama shi, aka kai shi gidan kaso. Abokan cin daɗi suka watse. Matar nan ta fari, wadda ya raina tun ranar da aka kawo ta, ita kaɗai ta tsaya tana jiran fitowarsa. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Abin da masana suka gani

A watan Maris na 1972 aka yi gasar silimar Afirka ta FESPACO karo na uku a Wagadugu. Shekarar ta Nijar ce. F.V.V.A. ya samu kyautar ƙungiyar OCAM ta ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. Babbar kyauta kuwa, Dokin Yennenga, wadda a wannan shekara aka fara ba da ita, ta faɗa hannun wani ɗan Nijar, Oumarou Ganda, saboda fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Shi wannan ba na dariya ba ne, ko da yake akwai zambo a cikinsa. Wani alhaji ne ya komo daga Makka, ya ƙwace Satou, yarinyar da aka yi wa Garba alkawari, zai sa ta ta uku. Matarsa ta biyu, Gaika, ta ce ba za ta saɓu ba. Ta yi niyyar kashe amarya, cikin duhu ta kashe ƙawar amarya.

Masu nazarin silima, na Afirka da na Turai, ba faɗan kishiyoyi suka fi kulawa da shi ba. Su abin da suka gani cikin F.V.V.A. shi ne hoton sabbin manyan gari, shekara 12 bayan samun ƴancin kai: ɗan biro mai cin abin da ya fi ƙarfin aljihunsa, yana cike giɓin da dukiyar talakawa. Cikin Wazzou kuma sun ga mutumin da ya mai da rawani da sunan alhaji makamin ƙwace. A wurinsu, mai laifi cikin finafinan biyu namiji ne.

Kuma ba su yi kuskure ba. Dattawan Damargu ba su manta da farin 1973 ba, shekarar da garke ya ƙare a bakin rijiya. Ranar 15 ga Afrilu 1974, da sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka karɓi mulki, cikin laifuffukan da suka ɗora wa gwamnatin da suka kayar har da cin hanci da karkatar da taimakon abinci. Shekara biyu kafin nan Moustapha ya riga ya nuna yadda hannu ke shiga akwatin gwamnati, ya kuma nuna daga wane ɗaki abin ke farawa.

Abin da ƴan kallo suka gani

To, ƴan kallo fa? Sun cika gidajen silima, sun yi dariya. Amma da aka kunna fitila, haushinsu bai tafi wajen Ali ko alhaji ba. Ya tafi wajen mace.

Zalika Souley, haifaffiyar Yamai a 1947, ta fito cikin finafinan nan biyu. Ta fara wasa a 1966 cikin wani fim na Moustapha, tana da shekara 19, lokacin da ɗiya mace ba ta tsayawa gaban na'urar ɗaukar hoto. Tana cikin matan farko a wannan yanki na Afirka da suka riƙi silima sana'a. Masu shirya fim sun ga ta iya, sai suka riƙa ba ta matsayin da sauran mata ke gudu: karuwa, mai cin amanar miji, muguwar kishiya. Ta yi aikinta da kyau, kyawun aikin ya zame mata laifi. Mutane da yawa suka kasa raba wasa da gaskiya. Abin da suka gani a bango, shi suka ɗauka halinta ne. Aka yi ta yi da ita cikin gari, har sa wando da take yi ya zama abin magana.

A duba bambancin. Djingarey Maïga, wanda ya fito a matsayin Ali ɓarawon kuɗin gwamnati, ba da sunan ɓarawo aka san shi ba. An san shi da sunan babban mai shirya fim, tun daga L'Étoile noire na 1976. Oumarou Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, aka sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa, kuma ya cancanta. Ita Zalika, da silimar ƙasa ta durƙushe, talauci ya same ta, har ta fita ƙasar waje aikatau. Sai da wata ɗiyar Nijar, Rahmatou Keïta, ta yi fim a kan rayuwarta, Al'lèèssi, aka nuna shi a Cannes ta Faransa a 2005, sannan duniya ta ji labarin daga bakinta. Ta rasu ranar 27 ga Yuli 2021.

Mu komo gida. Wasannin Kano da ake kallo a Tenhiya yau, irin na marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba 2014, su ma suna da masu sukarsu. Akwai malamai, akwai hukumar tace finafinai ta jahar Kano da aka kafa a 2001. Amma sukar ta fi tsayawa kan rawa da waƙa da tufafi. Ba safai ake jin an tambayi dalilin da ya sa kullum mace ce mai asiri, mace ce mai tsiwa, maigida kuwa bawan Allah ne da aka sa tsakiya. In wasa ya ƙare, maza sukan ce: “Ai mata ke nan.” Mata su yi dariya su ce sun san mai irin halin a unguwa. Kowa ya tashi, babu wanda ya ga kansa.

Alhali maganar ta shafi kusan kowane gida. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a ƙasarmu a 2012 ya nuna cikin matan aure 100, kusan 36 suna da kishiya. Cikin mata 100 masu shekara 20 zuwa 24, 76 an yi musu aure kafin su cika 18. Addini ya halatta ƙarin aure, da sharaɗin adalci da iya riƙo, kuma ba wannan jarida ce za ta hana abin da aka halatta ba. Tambayar ita ce ta Moustapha: da me za a biya?

Ali ɗan birni ne, ya biya da kuɗin gwamnati. Alin Damargu ba shi da akwatin gwamnati. Rumbu gare shi, da garke. In kaka ta yi kyau sai ya buɗe rumbu ya kai hatsi kasuwa, a daidai lokacin da tiya ta fi araha. Makiyayi ya saida raƙumi ko saniyar tatsa, wani lokaci ma tunkiyar uwargida ce ake kamawa da sunan aro. A yi lefe, a yi kayan ɗaki, a yanka, maroƙa su samu nasu. Wata biyar, shida, bazara ta shigo. Hatsin da aka saida da araha, shi za a saya da tsada. Maigida ya ɗauki jaka ya yi arewa ko kudu, ya bar mata biyu da ƴaƴa da tiya ɗaya a tsakaninsu. Ranar da aka ji ihu a gidan, maƙwabta su ce kishi ne. Wani lokaci kishin ne, gaskiya. Amma sau da yawa, in aka bi faɗan har gindinsa, awo ne: wa aka auna wa, wa aka rage wa, ɗan wa ya kwana da yunwa. Sarakunan gargajiya da limamai masu sasanta irin wannan ƙara sun san haka fiye da kowa.

Shi ya sa muka ce fim ɗin 1972 ya fi yawancin na yau ƙarfin hali. Bai hana kowa dariya ba, amma ya bi kuɗin har inda suka fito, kuma wanda ya kai kaso shi ne wanda ya ci. Matar da aka yi wa kallon baƙauya ita ya ba girma a ƙarshe.

A jaharmu ta Damagaram aka fara makarantun mazaje a 2008, da taimakon hukumar UNFPA, inda magidanta ke zama su tattauna zuwan mata awon ciki da haihuwa a likita. Irin wannan zama, da cibiyoyin yaƙi da jahilci, da gidajen rediyon karkara, su ne wurin da fim kamar F.V.V.A. zai yi aiki. A kalla tare, a tsaya, a tambayi juna: nawa Ali ke samu, nawa ya kashe? Wa ya yi masa aure na fari, wa ya sa shi na biyu?

Sai dai akwai cikas. F.V.V.A. da Faransanci aka yi yawancinsa, Wazzou da Zabarmanci. Moustapha ya yi shekarunsa na ƙarshe a Tawa, ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015. A 2017 babban gidan adana zane-zane na MoMA a birnin New York na Amurka ya keɓe kwanaki yana nuna finafinansa. A Tenhiya kuwa da wuya a samu wanda ya taɓa ganin ko ɗaya. Samarin Kano suna ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya, har su iso kasuwannin Damargu cikin katin waya. Muna kira ga ma'aikatar al'adu da gidan talabijin na ƙasa, tare da izinin magadan masu finafinan, su yi wa namu haka, da Hausa da Tamajak da Fulatanci. Masu karatu da ke da abin cewa, mata da maza, su ba malamin cibiyarsu wasiƙa ya aiko mana, za mu buga a fitowa ta gaba.